Hannun da Ya Makara

Shekara talatin da ɗaya Dalhatu ya yi yana jan tirelar shanu daga Potiskum zuwa kurmi, bai taɓa take ko akuya ba. Kowa a garejin Alhaji Joda ya san haka, don shi kansa ba ya bari a manta. Sai wata safiya ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce, hannun dama ya saki kamar tsumma. Hawan jini, in ji likita. Allah ya taƙaita, baki bai karkace ba, ƙafa ta dawo cikin wata guda. Hannun ne ya tsaya yana jan aji.

Alhaji Joda mai motar ya zo dubiya. Shi Bafillace, Dalhatu Babarbare, saboda haka ko a bakin gadon ciwo ba su fasa tsokanar juna ba.

"To bawana, ka kwanta ka huta," in ji Joda. "Yaron motarka Abbas zai riƙe maka motar da makullin ajiya. Naka ya zauna a aljihunka. In hannu ya dawo kafin ruwa ya sauka, motarka ce. In damina ta kankama, ba zan bar mota tsakanin mutum biyu ba."

"Abbas da ke taka kuloci kamar yana kashe kunama?"

"Shi ɗin. Ka warke ka ƙwace."

Makullin ya zauna a aljihun gaban rigar Dalhatu. Ko wanka zai shiga sai ya rataye shi a ƙusa inda zai riƙa hango shi.

Likitan gashin ƙashi ya ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana uku ya yi da ita ya wurga wa awaki, ya ce shi ba jariri ba ne. 'Yarsa Halimatus Sa'adiyya, wadda ke aikin jinya, ita ta yi dabara. Ta karɓi wayarsa ta sa masa gem, wasan nan na cikin waya, ta ce yatsu ake so su motsa, ko da me suka motsa.

"Baba, babban yatsan hagu na tafiyar da mutumin. Na dama shi ke sara da takobi, shi ke ɗaga garkuwa. Wane suna za a sa masa?"

"Sa masa Direba."

Wannan kuwa a tsakiyar bazara ne, irin wadda ƙadangare ke tsallaka tsakar gida da gudu don kada cikinsa ya ƙone. Kwanon rufi yana ƙara da kansa. Ruwan famfo in ya zo da rana sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala. Wuta kuwa sai a yi kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba. Dalhatu ya mai da zamansa gindin dogon yaron da ke ƙofar ɗakin matarsa Habiba, daga shi sai singileti da wando, ƙurajen zafi sun cika masa wuya, waya a hannu, yana faɗa da mutanen da ba su san yana yi ba.

Abin da ya fara ɓata masa rai halin Direban ne. Ƙato da gashi har kafaɗa, sulke tun daga wuya har ƙafa cikin hamada, ba ya gumi, ba ya neman inuwa. Sai ya faɗa gidan mutane kai tsaye, ya buɗe akwati, ya kwashe abin da ke ciki, masu gida na tsaye suna murmushi.

"Habiba, zo ki ga ɗan iska. An ce ƙarfin hali ɓarawo da sallama, to wannan ko sallamar ba ya yi. Kuma da sunana yake yawo."

"Ba kai ke tura shi ba, Malam?"

"In ban tura shi ba ba a buɗe ƙofar gaba. Haka suka gina abin. Dubi nan, tulunan ruwa ne a jere, wai sai na farfasa su in sami tsaba a ciki. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa jin ƙishirwa ba. A kawo shi unguwar nan tamu Ngojin ya bi layin rijiyar burtsatse da azahar, mu gani ko zai sake fasa tulu."

Mako guda ya yi ya ƙi taɓa tulun kowa, Direba yana yawo da guntun takobi mai tsatsa, kowane kare sai ya kashe shi. Da ya gaji ya fara fasa su, yana fasawa yana istigfari. Sannan ga masu aike. Duk wanda ya tare shi a hanya sai ya ɗora masa aiki: sarki ya ce a nemo masa zobe, maƙeri ya ce a samo masa haƙoran kura goma, wata ta ce kazarta ta ɓata.

"Gari guda ba mai ƙafa sai ni? Dodo na cin mutane, wannan kazarta take nema."

Duk da zage-zagen, hannun ya motsa. Ya fara riƙe kofi, ya koma jan carbi da dama, har ya murɗe marfin jarka da kansa. Ya matse hannun likita sai da likitan ya yi dariya ya ce ƙarfi kam ya dawo. Da yamma hadari ya fara leƙowa ta gabas yana watsewa. Dalhatu ya aika wa Joda cewa ranar kasuwa mai zuwa shi zai yi lodi.

Saura kwana shida a yi lodi, ya iso wata gada.

A cikin gem ɗin an haɗa shi da wata tsohuwa mai jan jaki, aka ce ya tsallakar da ita wata siririyar gada. A tsakiyar gadar akwai dodo mai fukafukai. Ba ya kawo hari a ɓoye. Idanunsa kan yi ja tukuna, sannan ya feso wuta. Tsakanin jan idon da wutar akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawa biyu, a nan ake danna garkuwa. In an danna, an tsira. In an makara, shi Direba yana da sulke, tsohuwar ce ke ƙonewa, a mai da kai bakin gada a sake.

Ranar farko ya ƙona ta sau goma sha ɗaya. Ya ce gumi ne, yatsa na zamewa a kan gilashi. Habiba ta ba shi tsumma. Rana ta biyu ya ce hasken rana ke kashe masa ido, ya koma cikin zaure, zafi ya koro shi. Rana ta uku wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga, ta rubuta wani Turanci ta mutu. Ya naɗe ta a leda ya ɗora a kan jiƙaƙƙen buhun da ke jikin randa, yana tsaye a kanta yana huci har ta huce. Da ta tashi ya ce ai tun da ta yi wannan suman ta rage sauri. Ya tura ta shagon caji a bakin titi, ya ce rashin cikar batir ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ana jibi lodi, bayan azahar, iska ta tsaya cak. Habiba na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Dalhatu ya ƙona tsohuwar karo na hamsin da wani abu, ya buga wayar a cinya.

"Maguɗi ne. Sun gina shi yadda ba mai wucewa, don mutum ya haukace. Ba ɗan adam ɗin da zai iya danna abin nan a kan lokaci."

"To ka bar shi mana. Dole ne?"

"Na ce miki ba mai iyawa."

"Na ji."

"Ba ki ji ba, kina dai amsawa ne. Ungo. Riƙe ki gani da idonki, kada ki ce faɗan banza nake."

Habiba ba ta taɓa yin komai da waya ba sai amsa kira da sauraron wa'azi. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta riƙe ta nesa da fuska saboda idonta ya fara raguwa.

"Ina zan taɓa?"

"Ni zan tafiyar da shi. Ke ki sa yatsa nan. In kin ga idon ya yi ja, ki danna. Za ki gani."

Ya tura Direba da hagunsa. Suka hau gada. Idon dodo ya yi ja. Habiba ta danna, garkuwa ta tashi, wuta ta bugi ƙarfe ta watse. Suka matsa. Ya sake ja, ta sake dannawa. Karo na uku ma haka. Tsohuwa da jakinta suka sauka a ɗaya gefen, kiɗa ya tashi, taurari suka cika gilashin.

"Shi ke nan?" in ji Habiba. "Ai sai da ya jira ni ma."

Dalhatu ya fizge wayar. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

"Sa'a ce. Kuma wa ya ce ki yi magana? Shinkafar ma duk tsakuwa kika bari a ciki jiya."

Habiba ta ja farantinta ta ci gaba da tsinta. Shekara talatin da aure, ta san lokacin da faɗansa ba da ita yake ba.

Ya koma da gem ɗin baya, ya sake hawa gadar shi kaɗai. Wannan karon bai kalli dodo don ya ci shi ba, kansa ya tsaya yana kallo. Idon ya yi ja. Ya gani sarai, tun farkon jan ya gani. Zuciyarsa ta ce danna. Yatsan ya tsaya kamar ana kiran kurma, sannan ya sauka, bayan wuta ta gama cin tsohuwar. Ya sake. Haka. Ya sauya hannu, ya sa yatsan hagu a kan garkuwa, sai ga ta ta tashi tun kafin a feso wutar.

Ya ajiye wayar a ƙasa. Gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan singileti, bai share ba. Ya san wannan ɗan tsakanin, ya yi shekara talatin yana cin abinci da shi. Shi ne tsakanin fitowar mai babur daga lungu a Damagum da kaucewar sitiyari. Shi ne tsakanin fashewar tayar gaba da riƙe kan mota, da shanu talatin a baya suna turo ka. Ba a tambayar hannu ko yana da ƙarfi a wannan lokacin, ana tambayarsa ko ya zo.

"Miƙo mini rigata."

"Cikin ranar nan? Ka bari a yi la'asar."

"In na bari aka yi la'asar zan sami wani abin da zan ɗora wa laifi."

A gareji ya tarar da Alhaji Joda a ƙarƙashin rumfa yana fifita da kwali, ga tirelar can an wanke ta, Abbas na ƙarƙashinta yana duba iska a tayoyi.

"Ga bawana ya zo karɓar amaryarsa," in ji Joda. "Kawo hannun mu ji."

Suka gaisa. Dalhatu ya matse shi har sai da zoben Joda ya nutse a yatsa.

"Kai, sake ni, mugu. Wannan ai ya fi na da. Jibi sai lodi."

Dalhatu ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan bencin.

"Ba wa Abbas."

"Wasa kake?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata? Ƙarfi ya dawo, sauri bai dawo ba. Ido na gani, hannu na makara."

"Likita ya ce ka warke."

"Likita matsa hannu ya ce in yi, na matsa. Bai taɓa saukowa gangara da lodi ba."

"To wa ya gaya maka kana makara?"

Dalhatu ya dubi tsakuwar da ke gabansa.

"Wata tsohuwa. Na kashe ta ya fi sau hamsin a mako ɗaya."

Joda ya daina fifita. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi idon mutumin, ya fasa.

"Zauna ka sha ruwa, Dalhatu. Gareji ba ya rasa aikin babba. Yaran nan suna bukatar mai tsawata musu."

"Ban zo neman aikin gadi ba. Ka bar ni da abin da ke cina tukuna."

Ya juya wajen motar ya ɗaga murya. "Abbas, fito nan." Abbas ya fito yana goge hannu, ya rusuna. "Giya ta uku tana da gardama, lallaɓa ta ake yi, ba duka ba. Kada ka bar ta ta sha mai a wurin 'yan bumburutu. In na ji ka taka ko kaza da motar nan, har gidanku zan zo."

"In sha Allahu, Baba."

Dalhatu bai ƙara kallon motar ba ya fita. Joda ya ce a kai shi gida, ya ɗaga hannu ya ƙi. A bakin titi kwalta na narkewa tana kama takalmi. Ya tsai da mai keke Napep, ya tsaya jim yana duban kujerar gaba, sannan ya shiga baya ya zauna tsakanin wata mata mai buhun gawayi da wani mai kaji biyu. Ba su yi nisa ba mai keken ya taka birki da ƙarfi a bayan wata motar yashi, kajin suka yi kuka.

"Kai, ɗan nan," in ji Dalhatu, "wa ya koya maka tuƙi? Tun daga can ka ga motar. Ba ka da hannu ne?"