Esin da Ke Ɗaukewa Ranar Asibiti

Akori-kurar Ja'afaru ba ta da wani ciwo sai ranar asibiti. In ya ɗauko gyaɗa daga Makoda, esi na hura sanyi har yatsunsa su ƙage. In taki ya kai gona, haka. Amma da zarar surukinsa Malam Hashimu ya shiga gaba za a kai shi Kano ganin likita, sai iskar ta fara shaƙewa. Fanka na ta gurnani a ciki, ba abin da ke fitowa. Can ta ɗan saki, can ta sake ɗaukewa. Ga bazara ta tsaya, ga tsoho da hawan jini, tun bayan aikin da aka yi masa likita ya ja kunne kada a bari zafi ya galabaitar da shi.

Me Ja'afaru bai yi ba? An ƙara gas. An sa sabon fiyus. Tajuddeen mai gyaran esi a bakin titin Ungogo ya kwance wayoyi ya mayar, ya kunna, sanyi kamar firji.

"Malam, motarka garau take. Ka kawo min ita lokacin da take yi, in gani da idona."

A gida kuma matarsa Huseina ta sa shi gaba. "Ikon Allah! Mota ta yi wa buhun gyaɗa sanyi, ta hana babana?" Da dariya take faɗa, amma abin na cin ta, shi ma yana cin sa.

Malam Hashimu kuwa yana da wata al'ada. Duk ranar tafiya sai ya tattaro babbar rigarsa ya tsaya a bakin ƙofar mota ya ce, "Ja'afaru, duba min tayar baya, kamar ta yi sanyi." Kafin a dubo taya a dawo, ya shiga ya zauna ya gyara rigarsa. Tayar ba ta taɓa yin komai ba. Ja'afaru ya san dalili, don Huseina ta faɗa masa cikin raɗa cewa an sa wa Baba robar fitsari, ta kuma rantsar da shi kada ya nuna ya sani.

Ran nan suna dawowa da azahar, tirela ta faɗi a gaba ta tare hanya. Motoci suka cushe, ba gaba ba baya, hagu kwata, dama 'yan adaidaita. Esi kuwa ta ce ga garinku. Ja'afaru ya sauke gilasai, iskar da ta shigo ta fi ta ciki zafi. Gumi ya jiƙa hular tsohon, numfashinsa ya fara fita da ƙyar.

Ja'afaru ya sunkuya ya kai kunne kusa da dashbod ko zai ji inda fankar ke shaƙewa. Sai ya ji wani ƙas-ƙas. Ya kai ido ƙasa. Baƙar leda ce an cusa ta can ƙurya, gaban ƙafafun Baba, siririyar roba ta fito daga ƙarƙashin riga ta shige cikinta. Bakin ledar ya tashi sama ya manne a ramin da fanka ke zuƙo iska, ya toshe shi ruf. In mota ta faɗa rami ya ɗan saki, in ta daidaita ya sake mannewa.

Tirƙashi! Ashe ciwon ke nan. Gyaran da bai wuce a miƙa hannu ba, amma wa zai miƙa? Ja'afaru da ko abinci bai taɓa ci a gaban mutumin nan ba, da sai ya tsuguna yake gaishe shi, shi ne zai buɗe baki ya ce, Baba, janye ledarka? Ya ɗago a hankali ya riƙe sitiyari.

"Ba garejin mutumin naka ba ne can?" in ji Malam Hashimu. "Ga ta tana yi. Kira shi ya gani."

Ba yadda zai ƙi. Tajuddeen ya ratso motoci ya zo, ya sa tafin hannu a bakin iska, ya saurara.

"Yauwa! Ai wannan ba gas ba ne, toshewa ce." Ya buɗe ƙofar tsohon. "Baba, ɗan janye ƙafa in leƙa ƙasa."

"Bar shi!" Ja'afaru bai san sanda ya daka tsawar ba. Ya kashe esin. "Na san ciwonta. Kwamfuresa ce. Gobe zan kawo maka."

"Haba Malam, kwamfuresa kuma? Minti ɗaya fa..."

"Na ce gobe."

Tajuddeen ya rufe ƙofa ya tafi yana ƙunƙuni.

Ja'afaru ya ji kamar ya fasa ihu. Ya rufa wa mutum asiri, ga shi yana kallon zafi na neman kashe shi. In wani abu ya same shi a nan, me zai ce wa Huseina?

Malam Hashimu ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya sunkuya da nishi, ya jawo ledar daga ƙurya, ya ajiye ta a fili kusa da giyar mota, inda ba mai cewa bai gani ba.

"Kunna."

Ja'afaru ya kunna. Sanyi ya fito da ƙarfi ya daki fuskokinsu. Shi dai idonsa na kan bayan motar da ke gabansu, ya cika da ƙwalla, ya ƙi juyowa.

Tsohon ya cire hula ya jingina da kujera, numfashinsa ya fara daidaita.

"Mako mai zuwa," ya ce, "ba sai ka duba tayar baya ba."

"To, Baba."