Saniya a Gonar Mutane

Basira akwai ƙwaƙwalwa, amma da ta tsaya gaban mutane sai murya ta gudu ta bar ta. Hedimasta ya ce in ta sake daskarewa a gwajin yau, zai cire ta daga muhawarar makarantu. Ni kuwa na rantse ba mai cire min ɗaliba.

Ban daɗe da dawowa daga bita a Damaturu ba, inda aka koya mana kwantar wa yara hankali ta hanyar sa su hango wuri mai daɗi a zuci. Na dawo ina jin kaina likita.

Na zaunar da ita a bayan aji. "Rufe ido. Ja numfashi. Ga ki a fili kore shar, iska na kaɗawa, ga farar saniya tana kiwo."

Yarinya ta zabura. "Malama, gonar wa?"

"Fili ne kawai."

"Kore shar, ba mai shi? Wallahi gona ce. A koro ta kafin mai gonar ya zo!"

Shaf na manta 'yar Bubayaro makiyayi ce, a ruga ta tashi kafin su dawo unguwar Bolewa. Ga ta tana gumi fiye da ɗazu. Haushi ya kama ni, na kaina da na masu bitar.

"To ke a ina hankalinki yake kwanciya?"

"Kasuwar shanu, in na kai wa Baffa abinci."

Kasuwar shanu fa! Na haɗiye ilimina na ce ta rufe ido ta kai ni. Ta fara: tireloli na ruri, dillalai na rantse-rantse, wani bijimi ya tsinke igiya, manya na gudu ba hula. Ina kallo kafaɗunta suka sauka.

"Can kowa ihunsa yake, Malama. Ba mai kallona."

Tausayinta ya kama ni sosai.

Da aka kira ta, ta tsaya gaban hedimasta da malamai shida, ta lumshe ido, ta yi wani ɗan murmushi da ban yarda da shi ba. Sai ta saki murya, har 'yan aji uku suka leƙo ta taga. Ko gargada babu.

Hedimasta ya washe baki. "Basira, me ya canza?"

"Malama Ikhlas ce ta sa na kai ku kasuwar shanu. Kai ne bijimin."

Basira ta samu gurbinta. Ni kuwa hedimasta ya ce in same shi a ofis.