Bakin Alhaji Awaisu

Shekara tara Alhaji Awaisu yana riƙe da ƙungiyar ƙwallon Guguwar Tsiga, kuma a shekara taran nan ba a taɓa tashi wasa muryarsa ba ta dishe ba. Babban dillalin masara ne, mai sito uku a bakin kasuwa. Shi ke sayen riguna, shi ke ɗaukar shatar bas, shi ke yanka wa 'yan wasa rago in sun ci, in kuma an ci su shi ke fara zaginsu tun ba su cire takalma ba. Manaja ake ce masa. Aikin manaja kuwa a wurinsa shi ne ya hakimce a farar kujerar roba gefen benci, ya gaya wa kowa abin da ya kamata ya yi, har da waɗanda ba a ƙarƙashinsa suke ba.

Bana, karon farko, Guguwa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Kaka, gasar da garuruwan yankin ke yi in an gama kai amfani gida. A Funtuwa aka kara da Maska, Tsiga ta ci biyu da ɗaya. Ai sai murna, ko? To, ana saura minti goma a tashi, Tsiga ta zura ta uku, mai tuta ya ɗaga tuta, alƙalin wasa ya hura usur ya ce satar gida ce. Alhaji Awaisu ya naɗe babbar riga, ya shiga fili har da'irar tsakiya, ya zazzage musu kwandon zagi. Sai da ƙarti huɗu suka janye shi, yana turjiya, hularsa a hannun wani.

Kwana uku takarda ta iso. Kwamitin gasa ya dakatar da shi wasa shida: ba benci, ba shiga fili, ko ƙofa kada a gan shi. Wasan ƙarshe da Danja kuwa saura kwana goma sha biyu. A ƙasan takardar an ce in yana da ja, ya zo ranar Alhamis ya kare kansa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shekara tara yana jiran ranar nan. Ya riga ya ga kansa a kujerarsa, ya ga an miƙo masa kofi, ya ga ma inda zai rataya hoton a sito. Yanzu a ce ranar za ta zo yana waje kamar mai tallan rake?

"Ka je ka ba su haƙuri mana, Alhaji," in ji matarsa Hajiya Hansai, tana zuba masa miya. "Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

"Ni? In ba rafali haƙuri? Su suka ci mini ƙwallo!"

"To ba kun ci wasan ba?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Mata ba su san ƙwallo ba.

Mafita ta zo masa ne a bakin sito, daga wani tsohon direba da ya zo lodi. Ana hirar dakatarwar, sai tsohon ya ce ai ya san alƙalin wasan, Malam Jibril, malamin motsa jiki a wata sakandare a Funtuwa. Ya san ma ubansa, wanda ya zo daga Bida ya yi aiki a gidan gurzar auduga har ya rasu.

Alhaji ya miƙe zumbur. "Bida? Banufe ne?"

"Banufe ne mana."

Ranar nan har leburori sai da suka sha lemo. Alhaji Bakatsine ne, kuma kowa ya san tsakanin Bakatsine da Banufe wasa ne tun kaka da kakanni. In sun haɗu wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya rama, a yi dariya a watse. Zagi ba ya kama jiki a tsakaninsu, wanda kuwa ya kai ƙara shi za a yi wa dariya.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a wani ajin firamare a Funtuwa. Shugabansa Malam Almustapha tsohon hedimasta ne, irin waɗanda ko gaisuwa ka yi musu sai sun duba ko akwai gyara. Ya ɗauki teburin malami, sauran 'yan kwamiti huɗu suka jeru gefensa. Aka nuna wa Alhaji bencin yara, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa. Can gefe Malam Jibril ne da mai tuta.

Malam Almustapha ya gyara tabarau, ya karanto rahoto a tsanake kamar mai karanta sakamakon jarrabawa.

"Na ɗaya, wanda ake tuhuma ya ce wa alƙalin wasa makaho. Na biyu, ya ce masa jakin Allah. Na uku, ya ce idonsa kamar na busasshen kifi. Na huɗu, ya ce usur ɗin da ke wuyansa ya fi shi hankali. Na biyar ba zan karanta ba, da alwalata. Alhaji, ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Har na biyar ɗin."

"To me ya rage?"

Alhaji ya yi murmushi, ya nuna Malam Jibril da baki. "A tambayi wancan, shi wane yare ne."

Aka tambaya. Malam Jibril ya ce shi a Funtuwa aka haife shi, Nufanci ko zo in kashe ka bai sani ba, amma ubansa Banufe ne.

"Shi ke nan!" Alhaji ya tafa hannu. "Bawana ne. Wasa nake yi da shi. Tun yaushe a ƙasar Katsina aka fara dakatar da mutum don ya yi wasa da Banufe?"

Aji ya ruɗe. Wani ɗan kwamiti ya ce gaskiya dokar gasa ba ta ambaci Nufawa ba. Wani ya ce dokar gasa bara waccan aka rubuta ta, al'ada kuwa ta girmi kakan wanda ya rubuta. Malam Almustapha ya buɗe littafin dokoki, ya rufe, ya sake buɗewa. Shi ma Bakatsine ne, kuma ba ya so a ce a hannunsa aka kashe wasan kakanni.

Malam Jibril ne ya ɗaga hannu. "Shugaba, na yarda wasa ne. Sai dai ai mutum ɗaya ba ya wasa. Ranar nan usur na bakina, ban samu na rama ba."

Fuskar tsohon hedimasta ta washe. Ya yanke cewa Malam Jibril ya rama nan take. In Alhaji ya yi dariya, wasa ne, an soke laifi. In ya yi fushi, to dama can zagi ne.

"Bismillah," in ji Alhaji. Me malamin tsalle-tsalle zai iya faɗa?

Malam Jibril ya miƙe, ya goya hannu a baya. Bai ɗaga murya ba.

"Bawana Awaisu, shekara tara kana manaja. Faɗa wa kwamiti, mece ce satar gida?"

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya tuna ya yi dariya.

"Bai sani ba. Shi a wurinsa duk wadda Tsiga ta ci halal ce, duk wadda aka ci Tsiga sata ce. To mu je kasuwa. Tiyar da kake sayen masara da ita, da wadda kake sayarwa da ita, uwarsu ɗaya kuwa? Na ji an ce ta sayen ta girmi ta sayarwar."

'Yan kwamiti suka tuntsire. Biyu a cikinsu manoma ne, dariyarsu ta fi ta kowa tsawo.

"Gemun nan kuma, ranar Juma'a baƙi wuluk, kafin Talata ya koma ja. A tambayi mai rinin, ko shi ma tiya biyu gare shi."

"Ha ha," in ji Alhaji. Gumi ya fara tsattsafo masa ƙarƙashin hula.

"Ka san abin da ya kawo ku wasan ƙarshe? Kocinka ya tara yara ya ce musu, in Alhaji ya ce a buga gaba, ku mayar baya. In ya ce a canja wane, to wanen ne ya fi kowa wasa. Tun da suka fara haka ba a sake cin su ba. Duk Funtuwa an sani, har masu sayar da gyaɗa."

Wannan ta shige shi. Zagin da shi ya yi na haya ne, kowa ana yi masa, amma na Malam Jibril an auna shi aka ɗinka. Minti ashirin ana yi. Alhaji ya dafe benci, haƙora a waje, yana fitar da wani sauti mai kama da tarin akuya, zuciyarsa kuwa tana tafasa. Duk sanda ashar ta taso masa har maƙogwaro sai ya tuna kujerarsa ya haɗiye. Ya daure har ƙarshe.

"Wasa ne," in ji Malam Almustapha yana share hawaye. "An soke."

Alhaji ya yunƙura zai tashi, sai mai tuta ya ce, "Shugaba, ni fa?"

Sunansa Benedict Obioma, mai shagon kayan gyaran babur, mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar. Sai a lokacin Alhaji ya tuna rahoton shafi biyu ne.

Malam Almustapha ya juya takarda. Layi ɗaya ne kawai. "Ya ce wa mai tuta, tattara tsummanka ka koma garinku, ba a nan za ka koya mana ƙwallo ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Na bi maganar Alhaji," in ji Benedict. "Da aka tashi na hau babur na koma garinmu. Minti biyar ne daga fili, bayan tashar jirgi. Nan aka haife ni, nan aka binne cibiyata, nan kabarin babana yake. In akwai wani garin da Alhaji ya san nawa ne, ya kwatanta mini."

Alhaji ya shiga lalube. Ya ce a bincika, ba mamaki akwai wasa tsakanin Katsinawa da Inyamurai, an dai manta ne. Aka ce babu. Ya ce to ko kakar Benedict ta wajen uwa ta taɓa zama a Bida? Benedict ya ce a'a. Ya ce to ai shi ma yanzu ya faɗa da bakinsa, ɗan Funtuwa ne, ɗan gida.

"Ɗan gida ne," in ji Malam Almustapha. "Bakatsine kuwa ba ya wasa da Bakatsine. Amma abin da sauƙi. Benedict, me kake so?"

"So nake ya ce in yi haƙuri. Shi ke nan."

Alhaji ya ce shaiɗan ne. Ya ce zafin wasa ne. Ya ce Benedict ya aiko gobe a ɗora masa buhun masara fara, ta bana.

"Alhaji, ba masara ya tambaya ba."

Alhaji Awaisu ya ja numfashi. Mutumin da ya sha minti ashirin ana yanka shi yana dariya, kalma uku za su gagare shi? Ya dubi allo, ya dubi silin.

"Ka yi haƙuri," ya ce.

Malam Almustapha ya ɗauki biro zai sa hannu.

"Amma tsakani da Allah," in ji Alhaji, "ƙwallon nan ta ina ta zama satar gida? Yaron da ya zura ta yana bayan mai tsaron baya! Ni ina zaune na gani, kai da kake tsaye da tuta ba ka gani ba? Idon ne babu, ko kuwa 'yan Maska sun..."

Sakataren kwamiti ya buɗe sabon shafi. Kafin Alhaji ya tsaya shan iska an cika rabinsa. Wasa shida ya koma takwas.

Ranar wasan ƙarshe Funtuwa ta cika. Alhaji ya samu wata babbar mota da aka yi wa lodin masara tana tsaye bayan katangar fili, ya haye can ƙololuwa da taimakon direba, ya zauna kan buhu. Daga nan yana hango benci. A kan farar kujerarsa an ɗora ledar fiya wata. Ya yi ihu a buga gaba, ya yi ihu a canja wane, ba wanda ya waigo. Bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga mutum dubu a gabansa.

Har minti tamanin da bakwai ba ci. Sai aka jefo wata doguwa, ɗan gaban Tsiga ya fyalle shi kaɗai. 'Yan Danja duk suka ɗaga hannu suna ihun satar gida, magoya bayansu suka yo kan layi kamar za su cinye mai tuta. Benedict ne. Bai ɗaga ba. Ya bi layi a guje, tutarsa a ƙasa, har ƙwallo ta girgiza raga.

Alhaji ya miƙe tsaye kan buhuna, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya yi maka albarka, Benedict! Ka yi haƙuri, ɗan'uwana! Wallahi ka yi haƙuri!"

Wannan karon bai ƙara komai a kai ba. Sai dai ganguna sun cika fili, direban motar ne kaɗai ya ji, shi kuwa ba ɗan kwamiti ba ne.

"Alhaji, sauko haka nan," ya ce. "Kayan nan yau za su tashi."