Gemun Ziggy Kowalik

A unguwarmu ta bakin tafki, a nan Port Ansley, babu wanda bai san muryar Ziggy Kowalik ba, ko da kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Kullum ƙarfe takwas da kwata na safe sai ya buga wa gidan rediyon wasanni waya, su kuma da yake sun san zai tayar musu da ƙura, sai su saka shi. Shekararsa saba'in da uku a duniya, talatin da takwas daga ciki a masana'antar narka ƙarfe ya ƙare su, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya daga ƙungiyoyin garin nan uku ta ɗaga kofi ba.

"'Yan zari-rugarmu?" haka zai fara. "Ku bar ni da su! Yaron nan da ke jefa musu ƙwallo, ko matarsa ce ta ce ya miƙo mata gishiri, maƙwabta zai jefa wa. 'Yan kwando kuwa dogaye ne na banza. An jera su kamar turakun lantarki, kuma na rantse turken ya fi su iya tare hanya. Kocinsu kuma, Allah na tuba, ko kare ba zan ba shi ya kai min yawo ba."

Amma idan aka zo kan 'yan hoki, masu wasa da sanduna a kan ƙanƙara, sai muryarsa ta sauka. Zai zage su, ƙwarai kuwa, sai dai irin zagin da uba ke yi wa ɗansa. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya fara kai shi bakin ƙanƙarar nan, kuma tun daga ranar bai warke daga ciwon son su ba.

To, al'adarmu ce, da zarar an shiga wasannin fitar da gwani a watan Afrilu, ba mai sa reza a fuska sai ran da aka fitar da ƙungiyar. 'Yan wasa suke yi, mu kuma mu bi. Wanda ya aske, aka yi rashin nasara, shi ya jawo, kuma sai ya shekara yana shan gori. Abin bai taɓa yi mana nauyi ba, don yaran namu ba sa wuce kwana goma ake koro su gida. Shi ya sa a shekara arba'in da takwas na aurensu, Bernadine matar Ziggy ba ta taɓa ganinsa da abin da za a kira gemu ba.

Bernadine kuwa shekara biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa yana cin ta a hankali. Ta manta gidansu. Ta manta yadda ake naɗe firogi, ƙullin fulawar nan mai haɗi a ciki, ita da ake layi a bikin coci saboda nata. Tun Kirsimetin bara ta manta 'yarsu ɗaya tilo, Paulette, sai dai ta ce "matar nan mai kawo furanni." Mutum ɗaya ya rage mata. Kullum ƙarfe goma idan Ziggy ya turo ƙofa, sai ta ɗago daga kujerarta ta bakin taga ta ce, "Ziggy, ka makara," ta shafa kumatunsa ta ji ko ya yi aski da kyau. Wannan kalma biyun da sunansa su ne suke tayar da shi daga gado kowace safiya.

Sai ga shi a bana yaran suka ƙi faɗuwa. Zagaye huɗu ake yi, kuma a kowanne ƙungiyar da ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ita ke wucewa. Suka fitar da ƙungiyar farko a wasa biyar, garin ya rikice. Suka shiga zagaye na biyu. Gemun Ziggy ya fito fari fat, ya cika masa fuska har wuya.

Ranar kwana na goma sha tara, ya turo ƙofa kamar kullum. Bernadine ta ɗago, ta dube shi, ta gyara wuyan rigarta.

"Wa kake nema, bawan Allah?"

Ya yi dariya, yana zaton wasa ne. "Bernie, ni ne mana."

Ta kai hannu kamar za ta taɓa fuskar, sai ta janye da sauri. "Ka yi haƙuri, ina jin ka ɓata ɗaki. Mijina nake jira."

Ziggy ya ja da baya. Ya fita baranda ya tsaya, sai ga Yolanda, ma'aikaciyar da ke kula da ita, da kwandon tawul a hannu. Ya gaya mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Mista Kowalik, masu irin ciwon nan fuska ɗaya suke riƙewa, kuma riƙon ba mai ƙarfi ba ne. Idan ta kuɓuce, wani lokacin takan dawo, wani lokacin ba ta dawowa. Ni dai da ni ce kai, yau zan aske."

"Gobe akwai wasa na shida," in ji shi.

Yolanda ta ɗauki kwandonta ta wuce.

Da yamma Paulette ta zo gidan a fusace, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Baba, Yolanda ta kira ni. Gaskiya ne?"

"Kwana biyu ne kawai, Paulie. A gama wannan zagayen."

"Baba, gashi ne fa! Gashin fuskarka! Kana tsammanin mai tsaron ragar nan ya san da zamanka a duniya?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ni ta riga ta manta da ni, na haƙura, na yi kukana na share. Kai da take riƙe da kai, kai ne za ka saki da hannunka? Saboda 'yan hoki?"

Ziggy ba wawa ba ne, kada ku ɗauka haka. Idan ka zaunar da shi ka tambaye shi ko gemu yana tare ƙwallo, zai ce maka a'a. Amma shekara sittin da bakwai yana jira, mahaifinsa ya mutu yana jira, kuma wani abu a ƙirjinsa yana gaya masa cewa idan ya aske aka faɗi, ba zai yafe wa kansa ba har kabari. Ya ce wa ransa Bernadine za ta jira shi kwana biyu. Ai ta saba jiransa.

Suka ci wasa na shida. Suka wuce zagaye na uku.

Sau ɗaya ya yi yunƙuri, ban hana shi wannan ba. Wata Laraba da hantsi ya shiga shagon Arnie mai aski, abokinsa tun makarantar firamare, ya hau kujera ya ce, "Kwashe shi duka." Tsofaffin da ke zaman jira, kowa da gemunsa kamar bunsuru, suka zuba masa ido.

"Ziggy, ka haukace?" in ji ɗaya. "Saura wasa shida a ɗauko kofi!"

"Idan aka fitar da mu, mun san gidan da za mu je," in ji wani, aka kwashe da dariya.

Arnie bai yi dariya ba. Ya ɗaura masa mayafi a wuya, ya sunkuya kusa da kunnensa ya ce, "Rabu da su, tsohon banza. Ni ne na tsaya maka ranar aurenku. Minti biyar na gama."

Ya kunna inji. Ziggy ya ji ƙugin injin a gefen kunnensa, ya dubi hoton ƙungiyar da ke manne a jikin madubi, sai ya riƙe hannun Arnie. "Bari a ga wasan Asabar tukuna." Ya kwance mayafin da kansa ya fita, 'yan shagon suna yi masa tafi.

Bai daina zuwa wurin Bernadine ba, ko kwana ɗaya. Sai dai yanzu baƙo ne. Yakan ƙwanƙwasa, ya ce ko zai iya ɗan zama, ita kuma da yake mace ce mai karamci, sai ta nuna masa kujerar da ke kusa da ita. Tun da ba shi da abin faɗa, sai ya riƙa yi mata abin da ya iya. Ya gaya mata yadda 'yan zari-ruga suka sake zaɓo wani yaro mai hannu kamar muciya, da yadda 'yan kwando suka sayar da mutum ɗayan da ya san inda kwandon yake. Bernadine ta riƙa dariya har da hawaye, irin dariyar da rabonsa da jin ta tun kafin ciwon.

"Kai, bakinka!" in ji ta. "Mijina ma haka yake, surutun wasa kamar rediyo."

"Yana ina, mijin naki?"

Dariyar ta tsaya. Ta juya wajen taga. "Ya daina zuwa. Ina jin wani wasan ake yi. Idan ana wasa ba ya ganin kowa." Ta juyo ta dube shi. "Ba mugu ba ne fa. Haka dai Allah ya yi shi."

Ranar a mota ya zauna ya yi kuka, hawayen suna shigewa cikin gemun. Da ya gama ya kunna rediyo don ya ji ko ƙafar ɗan wasan bayan ƙungiyar ta warke.

A makon farko kullum sai ta ambaci Ziggy. A na biyu sau biyu ta ambace shi. Bayan nan sai ta bari, shi kuma ya lura da hakan, ya yi kamar bai lura ba. Yanzu idan ya turo ƙofa fuskarta takan washe, ta ce, "Ga mai gemu! Zo ka ba ni labarin sakarkarun nan naka."

Yaran suka kai zagayen ƙarshe, abin da ba a taɓa gani ba. Aka yi uku da uku. Wasa na bakwai ya faɗo ranar Lahadi da rana, garin kaf ya tsaya cak, har limamin coci ya gajarta huɗuba. Ziggy ya kalla shi kaɗai a falonsa, a kujerar da ya saba, da rigar da bai wanke ba tun Afrilu. Suna gaba da ci ɗaya har saura minti huɗu. Aka farke. A ƙarin lokaci ƙwallon ta bugi takalmin ɗan bayansu, ta gangara a hankali, kamar mai jin kunya, ta shige raga. Shi ke nan. Ya kashe talabijin, ya zauna yana jin maƙwabta suna buga ƙofofi.

Washegari bai kira gidan rediyo ba. Ya tsaya gaban madubi ya rage gemun da almakashi, ya bi da reza sau biyu, har ya yanke a haɓa. Fatar ta fito fara sol, ta saki, kamar ba tasa ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya shafa turaren da Bernadine take saya masa duk shekara. Tun tara da rabi yana zaune a mota a ƙofar gidan tsofaffin, yana jiran goma ta cika.

Ya tura ƙofar ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Tana bakin taga. Ta ɗago ta dube shi, ya tsaya ya ba ta fuskar sosai, cikin haske.

"Bernie," ya ce. "Na zo."

Ta daɗe tana kallonsa. Babu tsoro a idonta, babu fushi, babu komai.

"Magani ka kawo?" ta ce.

"Ni ne Ziggy. Mijinki."

Ta maimaita sunan a hankali, "Ziggy," kamar wadda aka ba wani abinci ta ɗanɗana. Sai ta girgiza kai cikin ladabi. "Ban san shi ba. A wane ɗaki yake?"

Ya jawo kujerar da ke kusa da ita zai zauna. Ta ɗora hannu a kai da sauri.

"A'a, don Allah, kada ka zauna nan. Ta wani ce. Akwai wani mai gemu da ke zuwa kullum, yana ba ni dariya. Yanzu zai shigo." Ta leƙa bayansa wajen ƙofa. "Jiya an ce suna da babban wasa. Ina so in ji ko sun ci."

"Ba su ci ba," in ji Ziggy.

"Wayyo, bawan Allah. Zai ji ciwo ƙwarai. Ba shi da kowa fa sai su." Ta gyara bargon da ke cinyarta. "Bari ya zo in lallashe shi."

Yolanda tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani, ta sunkuyar da kai. Ziggy ya dube ta, yana so ya tambaya ko Bernadine za ta iya riƙe mai gemun har mako bakwai, kafin wani ya tsiro. Bai tambaya ba, don ya ga amsar a fuskarta.

Ya juya zai fita, sai Bernadine ta kira shi.

"Bawan Allah, idan ka gan shi a waje, ka ce masa ya yi sauri, ina jiransa."

"To," in ji Ziggy. "Zan gaya masa."