Motar da Ke Barci Ranar Asabar

"Sake faɗa mini," in ji Ronit, tana ɗaure wa 'yarta igiyar takalmi a ƙofar makarantar. "Ranar Asabar yaya muke zuwa gidan ibada?"

"Da ƙafa," in ji Dalya.

"Yauwa. Motar fa?"

"Barci take yi."

Mako uku ke nan ana wannan bita a gida. Gurbi ɗaya tak ya rage a ajin 'yan shekara huɗu, gida goma sha ɗaya na harinsa, kuma duk Yahudawan Baltimore sun san makarantar addinin nan ba ta ɗaukar 'ya'yan masu tuƙi ranar Asabar, ranar hutun da addininsu ya hana tuƙi. In Dalya ta rasa, sai makarantar gwamnati, surukar Ronit kuwa ta riga ta rantse ranar za ta zauna makoki.

Gaskiyar magana, daga gidansu zuwa gidan ibada tafiyar awa guda ce, ga mijinta Asher da ciwon gwiwa. Don haka kowace Asabar sukan lallaɓa a mota, su cusa ta a lungun bayan wani shagon wanki, su ƙarasa da ƙafa. Asher, don neman suna, har goshi yake sharewa in zai shiga.

Malama Batya, shugabar sashen ƙananan yara, ta karɓe su ba fara'a, hannun rigarta har wuyan hannu. Ta tambayi Dalya launuka, ta amsa. Addu'ar cin burodi, ta rero ta tas. Yaya ake zuwa ibada? Da ƙafa. Ronit ta ji kamar ta tashi ta taka rawa.

Sai Malama ta turo takarda da fensiran launi.

"Zana mini Asabar ɗinku, 'yar albarka."

Baki Ronit ta koya wa yarinyar, ba wanda ya tuna da hannu.

Dalya ta duƙufa, harshe a waje. Ba kyandir, ba burodin da aka san Asabar da su. Motoci biyu ne reras, shuɗiya da ja.

"Wannan tamu ce," ta ce. "Tana barci a bayan shagon wanki."

"Ai yara akwai ƙirƙira, Malama," in ji Ronit. "Ko jiya ma..."

"Wannan kuma taki ce, Malama." Dalya ta dangwala yatsa a kan jar. "Kusa da tamu take barci. Kina ɓoye mukullinta a bayan taya. Ina ganinki."

Ana jiyo yara a ajin kusa suna waƙar haruffa.

Malama Batya ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta ninke shi huɗu. Fayil ɗin Dalya na buɗe a gabanta, amma cikin jakar hannunta ta sa shi, ta ja zif.

"Yarinyar akwai lura," ta ce. "Irinsu muke nema. Litinin, ƙarfe takwas."

Ronit ta yi godiya har sau uku, ta ja hannun 'yarta kafin ta ƙara wani zanen. Sun kai ƙofa ke nan Malama ta kira ta, ba ta ko ɗago kai daga takardunta ba.

"Maman Dalya, ki ce wa maigidan ya riƙa matsawa gaba kaɗan. Sau biyu ke nan yana tare ni."