Zuwa Ga Mai Shagon Magani

Rabin ƙwayar magani na gani a kan farantin shayin Baba, gefenta ya ɗan marmashe, alamar da farce aka karya ta. Na ɗauke kofin na bar farantin a wurin. Sai da na shiga kicin na tuna likita cewa ya yi guda ɗaya, kullum da safe.

Na faɗa wa Mama ƙasa-ƙasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga albasar da take yankawa.

"Sai yau kika gani? Tun bara haka yake yi. Wata na rabawa, shi ma sai ya fara raba maganin."

"Hawan jini ne fa, Mama."

"To je ki faɗa masa mana. Ba ke ce 'yar gaban goshi ba?"

Ban iya ba. Kowa ya san ni da nauyin baki, Baffa ma Malama Shiru yake kirana.

Ba wai kuɗin ne ba sa isa ba. Fanshon Baba na gidan waya, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana rarraba wasiƙu, in an haɗa da ɗan abin da nake kawowa daga albashina, zai kai mu ƙarshen wata ko da da ƙyar. Hannun Baba ne ba ya rufuwa. Fansho na shigowa sallama ke biyo bayansa, kuma yawanci Baffa ne, ƙaninsa, direban wata ƙaramar motar kaya wadda Mama ta rantse ta fi kowa sanin ranar biya, don ranar take lalacewa. Magani kuwa kati ɗaya-ɗaya Baba yake saye, in kuɗi sun ƙare sai ya ja na ƙarshen.

Da wata ya mutu na biya kantin littattafai na sayo ambulan fakiti guda. Muka zauna a falo, na jera su a kan tebur na rubuta wa kowanne aikinsa: Abinci, Haya, Wuta da Ruwa, Gas, Magani. Na yi bayani idona na kan tebur. Kowane kuɗi da gidansa, in ambulan ya ƙare an gama da wannan sai wani watan.

"Sabulu fa?" in ji Mama. "Sa shi cikin abinci, ai shago ɗaya ake sayowa."

"Sabulu abinci ne?" Baba ya ce. "To gobe a dafa mini, a sa gishiri kaɗan saboda likita."

Aka yi dariya, aka zuba kuɗi, na sa komai cikin gwangwanin biskit. Na kwana ina jin kamar na gyara duniya.

Ba a yi nisa ba na buɗe gwangwanin zan ɗauki kuɗin gas, na tarar da ambulan ɗin magani ya kwanta shafal. Batirin motar Baffa ne ya mutu. Baba bai ma ɓoye ba.

"Aro na yi. Duk ba kuɗin gida ɗaya ba ne? Shi Magani ai ba mutum ba ne, balle ya yi fushi."

Da yamma ina taya Mama wanke-wanke ta yi ta mita, tana dirzar tukunya kamar ita ta yi laifin.

"Babanki fa, mutumin da ya ajiye wasiƙar maƙwabcinmu da ya tashi, shekara da shekaru a saman kabad. Na ce Malam mu ɗan leƙa, ko labarin rasuwa ne. Ya ce ba sunansa ke jiki ba. Son jin labari ya kusa kashe ni! Sai da ya nemo mutumin ya danƙa masa a hannu. Amma kuɗin ransa, wannan kam ɓarke shi yake yi ba ko bismilla."

Na tsaya da soso a hannu har ruwa ya cika kwano ya fara zuba.

Ranar da fansho ya sake shigowa na kawo sababbin ambulan ba rubutu a jiki, da biro, da kwalbar gam, na tura su gaban Baba.

"Baba, rubutunka ya fi nawa kyau. Wannan na mai gidan haya ne. Ko za ka sa masa adireshi?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Mama wadda ta sa wa silin ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Na gane ku," ya ce. Amma ya ɗauki biron.

Ban taɓa ganin Baba yana aikinsa ba sai ranar. Suna a tsakiya, kwatance a ƙasa, layi miƙe kamar da rula. Zuwa ga mai gidan haya. Zuwa ga mai gas, bayan tashar mota. Na abinci ya rubuta wa Mama, ta ce a ƙara da "mai girma". Da ya zo kan na magani ya ɗan tsaya, sannan ya rubuta: Zuwa ga mai shagon magani, kusa da fitilar hanya. Na zuba kuɗin wata cur a ciki, ya shafa gam ya danne da gefen hannu.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ƙanina fa? Shi ba shi da adireshi?"

"Adireshinsa ai aljihunka ne," in ji Mama.

"Uwarmu ni ta bar wa shi. Ko a yi masa nasa, ko ku kwashe kayanku."

Aka yi ta ja-in-ja. A ƙarshe aka ɗan tsakuro daga na abinci, na ƙara da kuɗin motata na 'yan kwanaki, Mama na cewa nama sai dai mu gaisa da shi a kasuwa. Gam bai gama bushewa ba muka ji sallama.

"Shi ke nan," Mama ta ce. "Motar ta ji ƙamshi."

Baffa ya shigo yana share gumi da hularsa, hannayensa duk baƙin mai.

"Yaya, an wuni lafiya? Matar Yaya, wannan harara duk ni kaɗai? Rage wa gobe mana. Malama Shiru, yau ma ba za a ce ci kanka ba?"

"Sannu da zuwa, Baffa."

"Allahu akbar, ta yi magana! Yau za a yi ruwa."

Mama ta tashi, amma ba ta wuce bakin ƙofar kicin ba. Ta tsaya nan ta harɗe hannu.

Taya ce ta fashe a wannan karon, ta baya, ga kayan mutane a mota. Baba ya zaro ambulan ɗinsa ya miƙa masa da hannu biyu. Baffa ya juya shi, ya karanta sunansa a hankali yana motsa leɓe, ya yage gefe ya leƙa. Fara'arsa ta ragu.

"Yaya, wannan ai ko rabin sabuwa ba zai saya ba." Idonsa ya sauka kan tebur. "Wancan mai kaurin fa? Wallahi ina sauke kayan nan zan dawo da shi, ko kwana ba zai yi ba."

Baba ya ɗauki na mai magani. Na ga babban yatsansa ya tafi bakin ambulan ɗin, inda gam yake da danshi har yanzu. Da ɗan turi kaɗan zai buɗe. Na ji Mama ta ja numfashi.

Ya daɗe yana kallon rubutun hannunsa. Sai ya danne bakin ya sake shafe shi da yatsa.

"Auta, wannan ba nawa ba ne. Duba sunan da ke jiki."

"Haba Yaya, ba kai ka rubuta ba?"

"Ni na rubuta. Tunda an rufe kuwa ya bar hannuna, sai dai in kai."

Baffa ya miƙa wuya ya karanta. Ya dubi Baba sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda aka daɗe ba a gani ba.

"Har yanzu jinin ne?"

"Yana nan. Shi ma ɗan'uwa ne, ba ya tafiya."

Baffa ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ninke nasa ya tura a aljihu, ya sake zaro shi ya kalli sunan.

"Akwai wani mai faci da ke da ta hannu, za ta ɗan kai ni. Amma tsaya, Yaya. Wato duk wata akwai irin wannan?"

"Duk wata. Guda ɗaya."

"Ko motar ba ta lalace ba?"

"Musamman ma in ba ta lalace ba."

"To ai sai ta warke," in ji Baffa. "Malama Shiru, wannan aikinki ne, ko? Ku masu shirun nan ku ake tsoro."

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya sa ambulan ɗin mai magani a aljihun gaba ya dafa shi.

"Tashi ka raka ni in kai saƙo kafin su rufe. Hanyarka ce."

Suna neman takalma a bakin ƙofa, Baffa na cewa rabonsa da samun wasiƙa tun yana neman aure, ita ma ta ƙin amincewa ce. Na juya wajen Mama. Ta zo da magana cike da baki, na san ta. Ta dube su, ta sauke hannayenta, ta gyara ɗankwalinta, ta juya ta shige kicin.