Cikin Inna Mai Wanki

Karo na uku ke nan Inna Mai Wanki ta buɗe baki za ta faɗi abin da ya kawo ta kemis, karo na uku kuma wani ya faɗo shagon.

"Ba ni filasta," ta ce.

Mai kemis ya ɗora filastar kusa da maganin ciwon kai da man zafin da ta riga ta saya, ya dube ta ta saman tabarau. "Inna, in shagon kike so gaba ɗaya, ki faɗa mu daidaita."

Ita kuwa ba dariya ce ta fito da ita ba. Shekara ashirin tana wankin kayan mutane, kuma ba a ɓoye wa mai wanki komai. Daga ƙullin kaya take gane gidan da aka yi dambe, da gidan da miji ya rasa aiki, da gidan da ake jiran haihuwa. Amma ga shi a nata gidan wata uku cur tsummokaran al'adar Auta ba su hau igiya ba, ita kuma ba ta farga ba sai da safiyar yau, da ta ji yarinyar tana kwara amai a bayan ɗaki. Auta shekararta sha shida. Cikin 'ya'yansu bakwai ita kaɗai ta kai ajin ƙarshe na sakandare, ga jarrabawar fita ta ƙarato. Makarantar kuma ba ta san wasa ba: ranar da aka ji yarinya na da ciki, ranar ake miƙo mata jakarta a bakin ƙofa.

Da shagon ya yi shiru, Inna ta sunkuya ta yi raɗa.

"Me?" in ji mai kemis, wanda kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya.

Ta maimaita.

"Au, abin gwajin ciki! Na fitsari?" Ya faɗa da muryar da za ta tsayar da mota a titi.

"Wa za a gwada?"

Inna ta waiwaya. Maƙwabciyarta ce mai sayar da gawayi, wadda duk layin ke kira Rediyo, kuma ba don tana da rediyon ba. Inna tana kallo idon matar ya fara zagaye. Mata biyu ne kawai a gidan Inna, kuma Rediyo ba ta buƙatar alƙalami kafin ta gano ta biyun.

"Ni ce," Inna ta ce da sauri. "Ni zan gwada."

"Ke? Inna, da jikoki tara?"

"Jikokin ne suka hana?"

Rediyo ta dafe ƙirji ta rangaɗa salati. Ko maganin tarin da ta zo saya ba ta tsaya karɓa ba.

Daga kemis zuwa gida tafiyar minti bakwai ce, amma labarin ya riga Inna isa. Mai kayan miya ta tsayar da ita ta cusa mata lemun tsami uku a hannu, wai yana kwantar da tashin zuciya. Wani tsoho da bai taɓa amsa gaisuwarta ba ya ɗaga mata hannu biyu. Matar da take wa wankin labule ta bugo waya tana cewa kada ta kuskura ta ɗaga bokiti, labulen ya jira. Inna tana tafe tana amsa barka, tana tsine wa Rediyo a zuci, kunya kamar ta nutse.

Ta tarar da Auta a tsugune kusa da baho, fuska duk ta kumbura. Ta ja ta ɗaki ta sa sakata. Takardar da ke cikin kwalin rubutunta ƙanana ne, Inna kuwa ba ta yi boko ba, don haka Auta ce ta karanta musu yadda ake yi, tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya. Inna ta ji wani alfahari ya taso mata, sai kuma takaici ya danne shi.

Layi biyu suka fito, jajaye raɗau.

Inna ta zame ta zauna a kan ƙullin kayan mutane. Ta so ta yi duka, hannun ya ƙi tashi.

"Waye?"

"Mai babur ɗin da ke kai ni makaranta."

"Wannan mai washe haƙora? Mai ce mini Hajiya?"

"Ya ce sau ɗaya ba ya zama ciki."

"Sau ɗayan ne?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Yau ni na ga ta kaina! Duk karatun nan da kike zubawa, ba a koya muku komai a kan wannan ba?"

"Malamin ya tsallake babin. Ya ce mu je mu tambayi iyayenmu mata."

"To me ya hana ki tambaye ni?"

"Na tambaye ki, Inna. Kika ce in na ƙara sai kin fasa mini baki."

Inna ta dafe kai. Ta tuna ranar sarai, tana matse zanin gado ne. Tausayin yarinyar ya kama ta.

Ana haka suka ji ana buga ƙofar gida da ƙafa, da kukan kaza. Maigidan ne, mai facin taya, wanda shekara talatin bai taɓa rufe rumfarsa da tsakar rana ba, ko ranar da guduma ta fasa masa yatsa. Ya shigo da kaza a hammata, ƙirji a gaba, baki har kunne. Ya ma wanke hannu da sabulu.

"Innar yara! Ashe haka za ki yi mini? Sai a bakin direbobi zan ji?"

"Malam, zauna."

"Ke za ki zauna! Ke Auta, kawo wa uwarki kujera. Kin san yau me aka kira ni a bakin titi? Tsohon zaki! Mai walda da ke ce mini na ƙare, yau har da cire mini hula. Ai na gaya musu, taya ba ta tsufa in dai tana hannun mai faci."

"Malam, don girman Allah ka ajiye kazar nan ka zauna."

Ya zauna a kan bokiti yana dariya. Ta gaya masa, a taƙaice, ba ta ƙara ba ta rage ba. Dariyar ta daɗe a fuskarsa bayan ta mutu, kamar an manta ba a ɗauke ta ba. Kazar ta suɓuce ta shige ƙarƙashin gado, ba wanda ya bi ta.

"Mai babur," ya ce a hankali. "Mai jan babur ɗin nan?"

"Shi."

"Ni nake masa faci kyauta. Shekara guda. Na ce yaron kirki ne, yana rage mini kuɗin mota, yana kai mini 'ya makaranta." Ya dubi tafin hannunsa. "Har iska nake ƙara masa."

Ya miƙe zumbur, ya fizgi ƙarfen cire taya da ke jingine a bango. Auta ta ce ai mai babur ɗin ya bar garin tun watan jiya, wayarsa ma ba ta shiga. Bai ji ba, ko kuma ya ji bai damu ba. Inna ta sha gabansa.

"In ka fita da ƙarfen nan kana ihu, kafin la'asar an ji a makaranta. Shi ya tsira, ita za a kora. Wata biyu kawai nake roƙo, Malam. Rigar makarantarta da girma na sa aka ɗinka, za ta ɓoye."

"Bayan wata biyun fa?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ya ture ta gefe ya nufi ƙofa, ya fizge ta da ƙarfi. Sai ga Rediyo tsaye, hannu a sama za ta ƙwanƙwasa, da mata shida a bayanta, kowacce da 'yar leda.

"Ga angon ƙarni!" Rediyo ta rangaɗa guɗa. "Barka, Malam, barka! Ina mai cikin? Ashe gaskiya ne?" Tana magana tana leƙen bayansa, idonta ya wuce Inna ya sauka a kan Auta, wadda ke tsaye a bakin ɗaki da jajayen idanu. "Ita kuma wannan kukan me take yi?"

Inna ta dubi maigidan. Daga inda take tana ganin jijiyar wuyan mijinta tana bugawa, ga ƙarfen har yanzu a hannunsa.

"Kishi," ya ce. "An ƙwace mata autanci, shi ne take mana bori. Na gode, na gode ƙwarai. Amma ku yi haƙuri ku dawo wani lokaci, uwar laulayi take yi, ba ta son hayaniya."

Matan suka fashe da dariya, suka miƙa masa ledojinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓa da hannu ɗaya yana godiya, har da ɗan rusunawa. Da ya mayar da ƙofa ya rufe, ya daɗe tsaye, goshinsa a jikin katakon. Kafaɗunsa suna motsi.

Can ya goge fuska da hannun riga. Bai juyo ba.

"Ke. Jarrabawar saura kwana nawa?"

"Hamsin da takwas, Baba."

"To tsayuwar me kike yi? Ɗauko littafinki."